Atisayen Ceton Rai ga Ma'aikatan Jinya Masu Kula da Waɗanda Aka Yi wa Tiyatar Zuciya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne kan horon kwaikwayo da ke ta dawowa daga bakin abokan aiki, musamman waɗanda aka tura sashen kulawa ta musamman, wato ICU, aka ce musu nan da 'yan makonni za a fara kwantar da waɗanda aka yi wa aikin zuciya. Na tattara su ne daga abin da nake ji a wajen horo da kuma hirar dutin dare. Duk inda na ambaci magani ko adadi, ƙa'idar asibitinku da umarnin likitan da ya yi aikin su ne a gaba.

Mene ne horon kwaikwayo tukuna?

Shi ne a shirya irin halin da majinyaci na gaske yake shiga, a kan mutum-mutumi ko a kan abokin aiki da ya kwanta a matsayin mara lafiya, a bar ma'aikata su yi abin da za su yi in da gaske ne, sannan a zauna a yi bitar abin da ya faru. Kashi uku ke nan: bayani kafin a fara, atisayen kansa, da zaman bita. Wanda ya yi na tsakiya kaɗai ya tashi, rabin aikin ya yi.

Abin ya daɗe a gidan jinya. A 1911 aka fara koya wa ɗaliban jinya a asibitin Hartford na Amurka wanka da juya majinyaci a kan wata 'yar tsana mai girman mutum da ake kira Mrs. Chase. A 1960 Asmund Laerdal, mai ƙera kayan wasan yara a Norway, ya fito da Resusci Anne, wadda kusan kowannenmu ya fara koyon danna ƙirji a kan irinta. Abin da ya sauya fasalin horon shi ne aikin David Gaba, likitan sa barci a jami'ar Stanford, wanda a ƙarshen shekarun 1980 ya ɗauko dabarar matuƙa jirgin sama: a horar da mutane tare, kan yadda suke magana da raba aiki lokacin da abu ya rikice.

Na shekara goma a ICU. Me ya bambanta wanda aka yi wa tiyatar zuciya da sauran majinyatana?

An tsaga masa ƙashin ƙirji gida biyu, an yi aiki a kan zuciya, galibi an tsayar da ita na ɗan lokaci inji yana zagaya da jini a madadinta, sannan aka ɗaure ƙashin da wayoyin ƙarfe. Yana iso muku jikinsa da sanyi, yana kan na'urar numfashi, ga bututai suna fitar da jini daga ƙirji, ga siraran wayoyi da aka maƙala wa zuciya sun fito ta fata don daidaita bugu in an buƙata, ga sirinji huɗu ko biyar suna tafiya a lokaci guda. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce ta matsala.

Amma akwai wani bambanci da ya kamata ya ƙarfafa muku gwiwa. In zuciyar wannan majinyaci ta tsaya, a gaban idonku take tsayawa, yana haɗe da monita, kuma dalilan ba su da yawa: karkarwar zuciya, zubar jini, taruwar jini a bayan ƙashin ƙirji, ko matsalar bugu. Yawancinsu ana gyara su in an yi sauri. Shi ya sa damar rayuwarsa ta fi ta wanda ya yanke jiki ya faɗi a gida ko a kasuwa nesa ba kusa ba, muddin wanda ke bakin gadon ya san abin yi a minti na farko. Kuma wanda ke bakin gadon da ƙarfe uku na dare, nas ne.

Waɗanne yanayoyi ake kwaikwaya?

Karɓar majinyaci daga ɗakin tiyata, jini da ya ƙi tsayawa a bututu, rikicewar bugu irin AF, wato bugu marar tsari da ke tasowa daga ɗakunan saman zuciya, wadda ta fi zuwa a rana ta biyu ko ta uku, faɗuwar sinadarin fotasiyam a jini, na'urar bugu da ta daina kama zuciya, bututun numfashi da ya zame. A wajenmu ina ƙara guda ɗaya da ba ya cikin takardun Turai: an ɗauke wuta, janareta bai tashi ba tukuna, batirin wace na'ura ne zai fara mutuwa, kuma wa zai kama jakar numfashi?

Wanda na fi maimaitawa shi ne tamfonad, wato jini ya taru a kewayen zuciya ya matse ta har ta kasa cika. Yana da yaudara. Na taɓa shirya shi ga wata ƙanwarmu da ba ta daɗe da zuwa sashen ba. Awa biyu na farko a labarin, bututun yana ta fitar da jini, sai na ce mata yanzu ya tsaya cak. Na ga fuskarta ta saki, ta rubuta sifili a takarda, ta ce, “Alhamdu lillahi, jinin ya tsaya.” Ina ta rage hawan jini a allo kaɗan-kaɗan, ina ƙara bugu, ina ɗaga awon CVP, wato matsin jini a babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, fitsari na raguwa. Sai da lamba ta sama a awon hawan jini ta sauko saba'in sannan ta ɗago kai ta dubi bututun, ta dubi allo, ta ce da ƙaramar murya, “Ko dai toshewa ya yi?” Shi ke nan, ta gano. Jinin bai tsaya ba, gudajinsa ne ya toshe hanya yana taruwa a ciki. Ta karanta wannan a littafi tun tana makaranta, amma sai ranar ya zauna mata.

An ce in zuciyarsa ta tsaya ba a fara danna ƙirji nan take. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, da sharaɗi, kuma nan ne horon da muka saba da shi ya rabu da wannan. Ƙungiyar likitocin tiyatar zuciya da ƙirji ta Turai, EACTS, ta fitar da ƙa'ida ta musamman a 2009, takwararta ta Amurka, STS, ta fitar da tata a 2017. Kwas ɗin da aka gina a kan wannan tsari shi ake kira CALS, wanda Joel Dunning, likitan tiyata a Ingila, da abokan aikinsa suka assasa.

In allo ya nuna karkarwar zuciya, wato VF, ko VT, wato mugun saurin bugu daga ɗakunan ƙasan zuciya, ba tare da ana jin bugu a jijiya ba, ana ba da shokin sau uku a jere kafin a fara danna ƙirji, muddin difibrileta, wato na'urar ba da shokin, za ta iso cikin minti ɗaya. In layi ya miƙe ko bugu ya yi ƙasa ƙwarai, ana haɗa wayoyin nan da na'urar bugu, a saita tamanin zuwa ɗari a minti, a ƙure ƙarfinta. In kuma allo yana nuna bugu amma babu jini a jijiya, kuma majinyacin yana kan na'urar bugu, ana kashe ta na ɗan lokaci a duba, don tana iya ɓoye VF a ƙarƙashinta. Dalilin jinkirin shi ne ƙashin da aka ɗaure jiya da ɗinkin da ke kan zuciya suna iya lahanta da dannawa, alhali shokin ko na'urar bugu kan dawo da zuciyar cikin daƙiƙoƙi.

In minti ɗaya ya cika babu kayan, ko an gwada bai yi ba, a danna ƙirji ba tare da jan ƙafa ba, ɗari zuwa ɗari da ashirin a minti. A nan kuna da abin da wasu ba su da shi: layin jijiya, wato siririn bututun da ke cikin jijiya yana auna hawan jini kai tsaye, yana nuna muku ƙarfin dannawarku a allo, ana so lamba ta sama ta wuce sittin. In kuna dannawa da kyau ta ƙi kaiwa, ku yi zargin tamfonad ko jini ya ƙare a jijiya, ku duba amsar da ke kan sake buɗe ƙirji. Hannun da ya shekara goma yana tsalle kan ƙirji da zarar an ce zuciya ta tsaya, lacca ba ta sauya shi. Maimaici ne kawai ke sauya shi.

To adiranalin fa? Ai shi ne maganin farko da muka sani.

A nan ba a gaggawar ba da cikakken miligiram ɗaya. In zuciya ta dawo da wannan magani a jiki, hawan jini yana iya yin sama fiye da kima ya ɓalle sabon ɗinki, a fita daga wata matsala a faɗa wadda ta fi ta. Babban likita ne kaɗai ke ba da umarninsa, kuma galibi kaɗan-kaɗan. Abin da mai kula da magunguna zai yi shi ne ya tsayar da sirinjin da ke tafiya har a tabbata ba ɗayansu ne ya jawo matsalar ba, ya kuma zuƙo amiyodaron, maganin daidaita bugun zuciya, miligiram 300 don a bayar in shokin uku bai yi ba.

Mutum nawa ake buƙata, kuma wa ke yin me?

Tsarin CALS ya raba aiki shida: mai danna ƙirji, mai kula da numfashi, mai difibrileta da na'urar bugu, mai magunguna, jagora wanda ba ya taɓa komai sai kallo da ba da umarni, da mai kula da sauran sashen wanda ke kiran likitan tiyata ya kuma kawo kayan buɗe ƙirji. Bayan su, mutum biyu ko uku suna sa rigar tiyata da safar hannu tun daga lokacin da aka yi kira, ba sa jira a ga ko shokin zai yi.

Na san abin da za ku ce: mu huɗu ne a dutin dare. To ku yi atisayen da mutum huɗu. Ku yanke tun da rana wa zai haɗa aiki biyu, daga wane sashe za a kira ƙarin hannu, da wace waya. A farkon kowane duti a faɗi sunan mai riƙe da kowane aiki, a rubuta a allo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shin nas ne zai buɗe ƙirjin majinyaci?

Wannan ce tambayar da ta fi tayar wa mutane da hankali. Ƙa'idar ta ce in matakan farko ba su dawo da zuciya ba, a sake buɗe ƙirji cikin minti biyar, a nan kan gadon ICU, ga majinyacin da bai wuce kwana goma da tiyata ba. Dalili a fili yake: zuciyar da jini ya matse ba ta cika, duk dannawar da za a yi daga waje ba za ta kai isasshen jini ƙwaƙwalwa ba. Wanda zai riƙe wuƙa kuwa, wannan hukuncin asibiti ne da dokar aikin ƙasarku, kuma a mafi yawan wurare likita ne.

Sai dai ko ba ku taɓa wuƙa ba, mintin biyar ɗin a hannunku yake. Ku ne za ku cire bandeji, ku shimfiɗa ƙyallen tiyata, ku buɗe kaya, ku haɗa injin zuƙe jini, ku miƙa abin da aka nema. Kayan gaggawar an taƙaita su zuwa biyar da gangan: wuƙa, almakashin yanke waya, babban maɗauki na zare wayar, abin buɗa ƙashi, da bakin injin zuƙa. Babban tiren tiyata mai kaya barkatai ɓata lokaci yake yi a wannan hali. Akwai mutum-mutumi na musamman mai ƙashin ƙirji da wayoyi da ake yankewa a sake ɗaurawa, kuma duk wanda ya taɓa yanke wayar nan sau ɗaya ya san yadda ake miƙa almakashin ba tare da an tambaye shi sau biyu ba.

Ba mu da kuɗin mutum-mutumi mai numfashi da magana. Mu haƙura?

A'a. Masu tsada irin SimMan suna da amfani, ba na musu, amma na ga inda aka sayi irinsu aka kulle a ɗaki don gudun lalacewa, shekara ta zagayo ba a kunna ba. Tsohon mutum-mutumin danna ƙirji, da kwamfutar hannu da ke nuna lambobi a matsayin monita, da kwalbar da bututun ƙirji ke zuba jini a ciki, an zuba mata ruwa mai jan kala, sun isa a yi atisayen tamfonad da na kawo a sama. Abin da bai kamata ya zama na jabu ba shi ne kayan da hannu zai taɓa ranar gaske: ainihin na'urar bugun da kuke amfani da ita, ainihin difibriletarku a yanayin horo, ainihin tiren buɗe ƙirji. Maɓallan kowace na'ura daban suke, kuma yatsa wurin da ya saba yake zuwa.

A ɗakin horo ya fi, ko a cikin sashen kansa?

Kowanne da ranarsa. Sabon abu a ɗakin horo ake koyonsa, inda babu mai kallo kuma ana iya tsayawa a sake. Amma atisaye a cikin sashe, a kan gadon da babu kowa, yana tono abin da ɗakin horo ba zai taɓa nunawa ba. A wani asibiti da na yi aiki, mun yi irin wannan da daddare. Komai ya tafi daidai har aka ce a kawo kayan buɗe ƙirji. Suna cikin kabad, kabad a kulle, makulli yana aljihun wanda ya tashi aiki tun la'asar. Na tsaya da agogo a hannu ina kallon minti biyar ya wuce, bakwai ya wuce, ana ta buga waya. Babu wanda ya yi magana da muka zauna bita, don kowa ya san gadon da ke kusa akwai yarinyar da aka sauya wa bawul ɗin zuciya kwana biyu da suka wuce. Washegari aka ɗauke tiren aka ɗora a kan keken gaggawa, aka sa shi cikin abin da ake dubawa a kowane duti.

Abu biyu ku kiyaye. Ku sanar da majinyata da 'yan uwansu kafin a fara, don uwar da ke zaune a baranda ta ga ana gudu da keke, zuciyarta ɗanta za ta tafi. Sannan kada maganin horo ya haɗu da na gaske. A Amurka, tsakanin ƙarshen 2014 da farkon 2015, hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta yi gargaɗi bayan an ɗaura wa mutum fiye da arba'in ruwan gishirin da aka yi don horo kawai. Ku lissafa duk abin da kuka shigo da shi, ku lissafa shi wajen fita. In sashen ya cika ko wani majinyaci ya rikice, a ɗage atisayen.

In na yi kuskure a gaban mutane fa? Za a rubuta a fayil ɗina?

Bai kamata ba, kuma wajibi ne mai horarwa ya faɗi haka da bakinsa kafin a fara. In atisaye na koyo ne, abin da ya faru a ɗakin a ɗakin yake tsayawa. In na tantancewa ne, a faɗa tun da wuri. Haɗa su biyun a ɓoye cin amana ne, kuma daga ranar babu wanda zai sake sakin jiki.

Zaman bita ya kamata ya kai tsawon atisayen ko ya fi shi. Mai horarwa nagari ba ya cewa, “Me ya sa ba ki kira likita ba?” Cewa yake, “Na lura hawan jini ya kai tamanin ba a yi kira ba, abin ya dame ni, me kike gani a lokacin?” Amsar ita ce darasin. Wata za ta ce ta ɗauka sirinji ne ya ƙare. Wata za ta ce wancan karon da ta kira an yi mata faɗa. Waɗannan matsaloli biyu ne daban, maganinsu ma daban. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma sai an tabbatar wa mutum babu mai yi masa dariya.

Ni ƙarama ce a sashen. Yaya zan gaya wa babban likita ya yi kuskure?

An tashe mu da kunya da girmama na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma na sha ganin ta rufe bakin wadda ta ga daidai. A atisaye nakan sa likita ya ce da gangan, “A ba da adiranalin miligiram ɗaya,” in zuba ido. Sau da yawa mai magani ta san ba haka ba ne, hannunta ya tsaya, ta dubi ƙasa, sannan ta zuƙa.

Abin da muke koyarwa jimla ce da aka shirya tun kafin ranar, wadda ba ta zubar da girman kowa: “Ranka ya daɗe, jiya aka yi masa tiyata, cikakken miligiram ɗaya kake so ko a rage?” An maimaita umarnin, an tuna masa dalili, an bar masa hukunci. Haka kowane umarni: a kira suna, wanda aka kira ya maimaita, in ya gama ya ce ya gama. “Wani ya kawo difibrileta” ba umarni ba ne, don kowa zai ɗauka wani ya tafi. Wajen kiran waya kuma a bi tsarin SBAR: halin da ake ciki, tarihin majinyaci, abin da kike zargi, abin da kike so a yi. Shi ya sa nake dagewa likitoci su shiga atisayen. In nas-nas kaɗai suka yi, sun koyi magana da wanda ba ya wurin.

Sau nawa ya kamata a yi?

Gajere a kai a kai ya fi dogo sau ɗaya a shekara. Ƙwarewar danna ƙirji ma tana fara dusashewa cikin 'yan watanni, balle aikin da ya haɗa mutum takwas. Minti ashirin a kowane mako ko biyu, ana juya duti don masu dare su samu, ya fi taron kwana uku a otal.

Wannan ya fi shafar mu. An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974, kuma akwai cibiyoyi irin ta Korle Bu a Akara da cibiyar Salam da ke Khartoum, wadda ƙungiyar agaji mai suna Emergency ta buɗe a 2007. Amma a asibitoci da dama aikin zuwa yake yi zango-zango: tawaga ta zo a yi mako ɗaya ko biyu ana tiyata, sannan a yi watanni shiru. Masu jiran aikin kuwa da yawansu yara ne da matasa da ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba ya lalata wa bawul. In haka tsarinku yake, ku tsananta atisaye a makonni biyu kafin zuwan tawaga, ku yi guda tare da su ranar da suka sauka, don a san yaren juna da kayan juna kafin majinyaci na farko ya fito.

Akwai shaidar cewa yana aiki, ko dai yayi ne?

Akwai. Babban binciken da majalisar hukumomin jinya na jihohin Amurka, NCSBN, ta wallafa a 2014, a makarantun jinya goma, ya nuna ana iya maye gurbin har rabin sa'o'in aikin asibiti na ɗalibai da kwaikwayo mai inganci ba tare da ƙwarewarsu ta ragu ba, in masu horarwar sun samu horo kuma ana zaman bita yadda ya kamata. Wannan kan ɗalibai ne. A sashenku kuna iya tara taku shaidar da agogo da littafi: daƙiƙa nawa kafin shokin farko, minti nawa kafin tire ya buɗe, minti nawa kafin likita ya iso. Ku rubuta a kowane atisaye, ku kwatanta bayan wata uku.

Akwai kuma abin da roba ba ta koyarwa. Mutum-mutumi ba ya gumi, ƙafarsa ba ta yin sanyi, ba ya yin wannan rashin natsuwar da tsohuwar nas ke gani ta matso kusa tun lambobi ba su motsa ba. Wannan a gefen gado ake ɗaukarsa. Don haka sabuwar ma'aikaciya, bayan atisaye, a haɗa ta da babbar Sista a kan majinyaci na gaske na wasu makonni, ta riƙa taɓa ƙafa, tana duba bututu, tana faɗin abin da take zargi da babbar murya kafin a bar mata gado ita kaɗai.